Homestead da Tyndall: Sansani Biyu a Bakin Guguwa

Jirgin yaƙin da ke tsere wa ƙarar kansa a sararin sama, da zarar an ajiye shi a ƙasa ya zama ƙwai a cokali. Fukafukansa an ƙera su ne don su tari iska, saboda haka iskar da ta same shi a tsaye ba ta shan wahalar ɗaga shi. Jikinsa kuwa an rage masa nauyi gwargwadon iko, falle ɗaya na kwanon rufi da guguwa ta wurgo ya isa ya tsaga shi. Sojojin saman Amurka sun san wannan sarai, amma duk da haka sun jera sansanoni a gaɓar jihar Florida, inda mahaukaciyar guguwar teku ke kai farmaki tsakanin watan Yuni da Nuwamba. Suna da dalili. Akwai hasken rana kusan duk shekara, ga sarari fetal a saman teku inda matuƙi zai yi atisaye bai dami kowa ba. Sau biyu cikin shekara 26 wannan lissafi ya zo musu da tsadarsa gaba ɗaya. Ranar Litinin 24 ga Agustan 1992 guguwar Andrew ta rutsa da sansanin Homestead, kudu da birnin Miami. Ranar Laraba 10 ga Oktoban 2018 guguwar Michael ta rutsa da sansanin Tyndall, kusa da Panama City a arewa maso yammacin jihar. Na farkon bai sake komawa yadda yake ba, na biyun kuwa ana zuba masa biliyoyin daloli don ya fi da. Ya dace a ɗora su a sikeli, a ga inda suka yi kama da inda hanya ta raba su.

Guguwar biyu kamar uwa ɗaya ta haife su. Andrew ta taka ƙasa da iska mai gudun mil 165 a awa, wato kusan kilomita 265, Michael ta zo da mil 160. Masana yanayi na Amurka suna jera irin wannan guguwa a matakai biyar, kuma a tarihin da aka rubuta sau huɗu kacal mai mataki na biyar ta sauka a babban yankin ƙasar: ta 1935, da Camille a 1969, sai waɗannan biyun. Dukansu an fara rubuta su ne a mataki na huɗu. Sai da aka shekara goma, a 2002, kafin a sake duba bayanai a ɗaga Andrew zuwa na biyar, ita kuwa Michael wata shida ta jira, zuwa Afrilun 2019. Dukansu kuma sun girma da irin saurin da ke rikita mai shiri. Andrew ba ta zama cikakkiyar mahaukaciya ba sai ranar Asabar, ta iso Litinin da asuba. Michael ta kai wannan matsayi ranar Litinin, ta iso Laraba da rana tsaka. Ke nan kowane kwamanda kwana biyu ya samu, ko ƙasa da haka, ya kwashe mutane da jirage. Wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina ya yaye rufin makarantar unguwarsu ya san ƙarfin iska, amma wancan minti goma ne ko ashirin. Wannan awanni take yi tana duka, ta lafa idan tsakiyarta ta iso, sannan ta juyo daga ɗaya gefen ta ƙarasa abin da ta girgiza.

Sansanonin ne ba su shiga ranar da tarihi ɗaya ba. Homestead ya riga ya san guguwa. An buɗe shi a 1942, a watan Satumban 1945 wata guguwa ta rushe shi har aka rufe, ba a sake buɗewa ba sai 1955. Darajarsa ta zo ne daga kusancinsa da Kyuba: a rikicin makamai masu linzami na 1962 ya cika maƙil da jirage da sojoji, har Shugaba Kennedy ya je da kansa ya gode musu. Zuwa 1992 gida ne ga rundunar jiragen yaƙi ta 31 masu tuƙa F-16, da wata runduna ta sojojin ko-ta-kwana, wato waɗanda ke da sana'arsu a gari, ake kiransu idan buƙata ta taso. Tyndall an buɗe shi a 1941 a matsayin makarantar koyon harbi daga jirgi, a kan wani siririn harshen ƙasa da ruwa ya kewaye kusan ko'ina, kuma shekara saba'in da ɗoriya bai sha duka irin na Homestead ba. Zuwa 2018 nan ake koyar da tuƙin F-22, jirgin da Amurka ta fi ji da shi a faɗan sama. Nan ne kuma cibiyar da ke sa ido kan sararin samaniyar ƙasar, nan ake ajiye tsofaffin F-16 da aka mayar marasa matuƙi don a riƙa harbinsu a atisaye. Ɗaya yana da tabo a jikinsa da ya kamata ya riƙa tuna masa, ɗayan kuwa dogon zaman lafiya ya sa ya saki jiki.

A batun rayuka babu wanda za a zarga. Wuraren biyu sun fitar da sojoji da iyalansu kafin iska ta iso. A Tyndall mutum kusan 11,000 aka kwashe, kwamandan sansanin, Kanar Brian Laidlaw, ya tsaya da mutum 93 a cikin gine-ginen da aka fi amincewa da su, kuma dukansu sun fito da ransu. A Homestead ma 'yan kaɗan ne suka kwana tare da kwamandansu a wani gini mai ƙwari, gari ya waye suna raye a tsakiyar kango. Nan sikeli ya daidaita, ba sai an daɗe a kai ba.

Jirage ne suka raba gardama. Dabarar da sojin saman Amurka ke bi a gaban guguwa mai sauƙin faɗa ce: duk abin da zai iya tashi ya tashi, wanda ba zai iya ba a tura shi rumfa mafi ƙarfi a ɗaure. A Homestead wannan dabara ta yi aiki kusan yadda aka tsara ta. Aka tashi da jiragen zuwa sansanonin arewa, aka bar F-16 guda biyu da ba su da lafiyar tashi. Guguwa ta ɓalle ƙofofin da ke kare su ta yi musu mummunar illa, hotunansu suka zagaya duniya. Amma biyu ne. A Tyndall, daga cikin F-22 guda 55, yawanci sun tashi zuwa sansanin Wright-Patterson a jihar Ohio, tafiyar fiye da kilomita dubu, sai dai 17 sun kasa ɗagawa. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Aka cusa su a rumfuna, kuma wasu daga cikin rumfunan nan iska ta yaye musu rufi, ƙarfe da ruwa suka zubo kan abin da ke ciki.

Lambar 17 tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nauyinta ya wuce yadda take a ido. F-16 jirgi ne da aka ƙera fiye da 4,500, ƙasashe da dama na tuƙa shi, kuma a 1992 masana'antarsa a Fort Worth tana aiki. Idan biyu sun lalace, a yi odar biyu. F-22 kuwa da farko an yi niyyar ƙera 750, aka yi ta ragewa har a 2009 aka tsayar da shi a 187 na aikin yaƙi, na ƙarshe ya fito daga masana'anta a Disamban 2011, aka rufe layin. Doka ta hana sayar da shi ga kowace ƙasa, don haka babu maƙwabcin da za a je aro wurinsa. Kowane ɗaya ya ci kusan dala miliyan 150, ban da abin da aka kashe wajen bincike. Jirage 17 ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin goma ne na duk F-22 da ke duniya, kuma da sun hallaka, kuɗi ba zai dawo da su ba. Babu wata rundunar abokan gaba da ta taɓa kakkaɓo ko ɗaya, sai ga iska ta same su a jere a ƙarƙashin rufin kwano.

Me ya hana su tashi? Duk wanda ya taɓa shiga garejin makanikai ya san amsar. Akwai motar da aka sauke injinta, akwai wadda ke jiran kayan gyara wata guda, akwai wadda aka cire wa wani abu aka sa wa 'yar'uwarta don ita ta samu fita. Haka abin yake ga jiragen yaƙi, kuma ga F-22 ya fi tsanani. An lulluɓe jikinsa da wani shafi na musamman da ke ɓoye shi daga na'urar rada. Sau da yawa makaniki ba zai kai ga abin da ya lalace ba sai ya kankare shafin, idan ya gama ya mayar, sannan a jira ya bushe. Gyaran awa biyu ya zama na kwana biyu ko fiye. Ga kuma ƙarancin kayan gyara, tun da jiragen ba su da yawa kuma masu ƙera kayan sun ragu. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin na Tyndall na koyar da tuƙi ne, daga cikin tsofaffin da aka fara ƙerawa. A shekarar da ta gabaci guguwar, kusan rabin F-22 ne kawai ke shirye da aiki a kowace rana. Hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokoki ta yi gargaɗi a kan haka a watan Yulin 2018, kuma a watan Satumba sakataren tsaro James Mattis ya ba da umarni a ɗaga shirin manyan jiragen yaƙi zuwa kashi 80 cikin ɗari. Ba a cika wata guda da umarnin ba Michael ta iso. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abin da ke kwance a takardun rahoto, wanda sai mai ƙwazo ke karantawa, ya fito fili a hotunan da aka ɗauka daga sama, har Sanata Marco Rubio ya rubuta wa shugabannin sojin sama yana tambaya kan jiragen nan 17, wato kashi 31 cikin ɗari na F-22 ɗin Tyndall.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke gefen Tyndall. Kwatanta F-16 da F-22 kamar kwatanta tsohuwar akori-kura ce da motar zamani mai kwamfuta a ciki. Na farkon inji ɗaya gare shi, an san cutarsa an san maganinsa, kayan gyaransa a wadace. Ba ƙwazon makanikan Homestead kaɗai ya tashi da jiragensu ba, sauƙin jirgin ma ya taimaka, kuma ba lalacin makanikan Tyndall ya bar 17 a ƙasa ba. Hasali ma sun kwana suna aiki don su rage adadin. Sannan ƙarshen labarin ya zo da sauƙi: bayan guguwa aka share, aka duba, aka gyara, kafin watan Nuwamba ya ƙare dukan 17 sun tashi da fukafukansu sun bar wurin. Idan asarar da ta tabbata za a ƙirga, Tyndall bai rasa F-22 ko ɗaya ba. Idan kuwa abin da aka bari a hannun iska za a ƙirga, ba a haɗa su. Ni dai na fi karkata ga ƙirga na biyun, domin ƙarfen da ya faɗo ya kuskure jirgi da taku uku ba dabarar kowa ba ce.

A gine-gine ɓarnar ta yi kama ƙwarai. Homestead kusan babu ginin da bai taɓu ba, daga hasumiyar kula da tashi da sauka har gidajen iyalai. A Tyndall gine-gine 484 suka lalace, wani tsohon F-15 da aka kafa don ado a bakin ƙofa aka same shi a kife, dajin da ke kewaye da sansanin ya kakkarye a tsayi ɗaya kamar an bi shi da lauje, ruwan teku kuma ya hau gaɓar yankin har wajen mita huɗu. Titin jirage ne ya tsira a duka wuraren, domin iska ba ta da abin kamawa a shimfiɗaɗɗen kankare. Cikin 'yan kwanaki jiragen agaji sun fara sauka a kansa. Amma titi shi kaɗai ba sansani ba ne. Sai da wuta, da ruwa, da mai, da shagon gyara, da gidan da makaniki zai kwantar da 'ya'yansa. Matuƙin da iyalinsa ke otal a wata jiha bai shirya yaƙi ba, ko da jirginsa lafiya lau yake.

Akwai wani zare da ya haɗa wuraren biyu a nan, kuma shi ya fi damuna. Andrew ta tona asirin yadda ake gini a kudancin Florida: rufin da aka kafe da ƙusoshi kaɗan, tagogin da ba su jure abin da iska ta wurgo. Bayan ta wuce, gundumar da Homestead ke ciki, wadda yanzu ake kira Miami-Dade, ta kafa ƙa'idojin gini mafi tsauri a ƙasar, kuma a 2002 jihar gaba ɗaya ta samu sabuwar dokar gini. Sai dai yankin arewa maso yamma, inda Tyndall yake, an sassauta masa, bisa tunanin cewa irin wannan iska ba ta zuwa can. Shi kansa sansanin cike yake da gine-ginen da suka girmi Andrew da shekaru masu yawa. Darasin da Homestead ya biya da jikinsa ya shekara 26 bai kai ɗaya kusurwar jihar ba. Sai bayan Michael aka yanke cewa sababbin gine-ginen Tyndall za su bi ƙa'idojin irin na Miami-Dade, a kuma ɗaga daɓensu sama da inda ruwan teku ke iya kaiwa. Ana cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma a nan bai isa ba.

Daga nan hanya ta rabu gaba ɗaya, kuma ba iska ce ta raba ta ba. Duka wuraren sun ga manyan baƙi, duka sun ji alkawari. Shugaba George Bush babba ya je Homestead a farkon Satumban 1992, ana saura wata biyu zaɓe, ya ce za a sake gina sansanin, ya nemi kusan dala miliyan 500. Majalisa ta ƙi sakin yawancin kuɗin. Mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya je Tyndall a ƙarshen Oktoban 2018, ana saura kwanaki zaɓen 'yan majalisa, ya ce za a sake gina sansanin. Majalisa ta yi jinkiri har Yunin 2019, amma ta fara sakin kuɗi, kuma aikin da aka tsara ya kai kusan dala biliyan 5. Alkawari ɗaya, jiha ɗaya mai tsada a wurin 'yan siyasa, sakamako biyu.

Bambancin yana ga zamanin da kowace guguwa ta faɗo. Andrew ta zo wata takwas bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, Kyuba ta rasa mai ɗaure mata gindi, Amurka tana rage sojoji tana rufe sansanoni zagaye bayan zagaye. Shekara guda kafin nan aman dutsen Pinatubo ya binne sansanin Clark a Filifin da toka, Amurka ta tattara ta bar shi. A irin wannan yanayi, sansanin da ya rushe da kansa ya sauƙaƙa wa masu yanka aiki. A 1993 ma'aikatar tsaro ta ce a rufe Homestead, kwamitin da ke duba jerin sansanonin da za a rufe ya sassauta ya ce a rage shi, a 1994 ya koma hannun sojojin ko-ta-kwana. Ƙungiyoyin jiragensa an riga an raba su tsakanin Moody a jihar Georgia da Shaw a South Carolina, sunan runduna ta 31 kuma aka ɗauke shi zuwa Aviano a Italiya, inda jiragenta suka yi aiki a saman Bosniya da Kosovo. Michael ta zo a shekarar da sabon tsarin tsaron Amurka ya ayyana gogayya da Sin da Rasha a matsayin babban abin da ke gabanta. Kasafin soja yana hawa, ana neman wurin da za a ajiye sababbin F-35, kuma Tyndall yana da abin da ba a saye a kasuwa: faffaɗan filin atisaye a saman Tekun Mekziko, inda ake harba makamai masu linzami na gaske. Wata biyu bayan guguwar aka sanar cewa za a kai masa ƙungiyoyi uku na F-35. Su F-22 ba su dawo ba. An raba wasu zuwa Virginia da Alaska da Hawaii, makarantar koyar da tuƙinsu ta zauna a sansanin Eglin na ɗan lokaci kafin ta koma sansanin Langley. A watan Agustan 2023 F-35 na farko suka sauka Tyndall.

Ga mutanen gari kuwa, sikelin ya karkata sosai. Mutanen Homestead guguwa ta cinye musu gidaje, sannan hukuma ta ɗauke musu babban mai ba su aiki. Dubban albashi suka bar garin, tsofaffin sojojin da suka zauna nan don asibitin sansanin da kantinsa suka watse, masu gidajen haya da masu shaguna suka rasa ciniki. An gina filin tseren motoci a 1995 don a farfaɗo da kasuwa. An yi shekaru ana jayayya kan mayar da wani ɓangaren sansanin filin jiragen fasinja, har a Janairun 2001 aka ƙi, saboda yana tsakanin gandayen daji biyu da ake karewa, Everglades da Biscayne. Garin ya farfaɗo daga baya, mutanensa sun tashi daga kusan 32,000 a 2000 zuwa 80,000 a 2020, amma yaɗuwar Miami ce ta kawo hakan, kuma waɗanda suka tafi a 1992 ba su ne suka ci moriyar ba. Mutanen Panama City ma sun sha wuya, shekaru suna fama da rufin tamfol da tsadar haya, sai dai sun san sansanin zai dawo, kuma aikin ginin kansa ya kawo kuɗi. Mai jiran abin da ya tabbata zai zo da mai jiran alkawarin da ke shuɗewa ba wahala ɗaya suke sha ba.

To amma ragewar Homestead kuskure ce a fuskar tsaro? Na duba ban ga hujja mai ƙarfi ba. Sansanin bai mutu ba. Titinsa yana nan, F-16 na sojojin ko-ta-kwana suna tashi daga can, akwai jiragen da ke zaman gadi dare da rana, kuma da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a Janairun 2010 ya zama ɗaya daga cikin manyan mashigan agaji. Ya riƙe aikin da wurinsa ya ba shi, ya sauke abin da za a iya yi a wani wuri. Wannan ma wata hanya ce ta shiri: rage dukiyar da aka tara a bakin haɗari. Tyndall ya bi kishiyarta, a ƙara dukiya a wurin, a kuma ƙara kauri ga abin da ke kare ta. Kowace hanya tana da farashi. Ta farko mutanen gari suka biya, ta biyu masu biyan haraji ke biya, kuma za su sake biya idan lissafin injiniyoyi ya gaza.

Dole kuma a tuna cewa gudu da jirage yana da iyaka. Guguwar teku tana da kirki ɗaya, tana ba da sanarwa. Ranar 1 ga Satumban 1952, ranar hutu, wata iska ta afka wa sansanin Carswell a Texas ba shiri, ta riƙa gwara manyan jiragen B-36 da juna, fiye da rabin waɗanda Amurka ke da su suka taɓu, aikin gyara ya kai har 1953. A watan Maris na 2019, wata biyar bayan Michael, kogin Missouri ya cika ya shanye kusan sulusin sansanin Offutt a Nebraska, nesa ƙwarai da kowane teku. Wannan hujja ce ga masu cewa a gina rumfa mai ƙarfi, kuma hujja ce a kan masu ganin cewa barin gaɓar teku ya wadatar. Sai dai ita ma rumfar tana da nata iyakar: ba za a yi wa kowane jirgi ɗakin kankare ba, kuma katangar da ta tare iska ba lallai ta tare ruwa ba.

Idan aka haɗa duka, ga yadda nake gani. A ranar guguwa Homestead ya fi Tyndall shiri, domin abin da ake nema a ranar shi ne jirage su tashi, kuma nasa sun tashi. Bayan guguwa Tyndall ya fi Homestead gata, kuma gatan yana da hujja, domin filin atisayensa ba ya ɗaukuwa zuwa wani wuri. Hukuncin da aka yanke wa Homestead ya yi daidai a takardar soja, laifin yana ga alkawarin da aka yi wa mutanen da ke tsaye a kan ɓaraguzan gidajensu, alhali masu yin sa ba su da tabbacin cikawa. Hukuncin da aka yanke wa Tyndall ma ya yi daidai, amma rabin ciwon ya taɓa. Rufi ya yaye, an ga rufi, an ba da kuɗin rufi. Abin da ya sa jirage 17 suka kwana ƙarƙashin wannan rufi tun farko ba a ganinsa a hoto, ba a yanka masa kintinkiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. F-22 bai kai kashi 80 ɗin da Mattis ya nema ba, daga baya ma aka jingine mizanin.

Jiragen da suka gaji wurin suna ɗauke da irin wannan ciwo. A rahoton da ta fitar a Satumban 2023, wata guda bayan saukar F-35 na farko a Tyndall, hukumar binciken majalisa ta ce a watan Maris na shekarar kusan kashi 55 cikin ɗari na jiragen F-35 na Amurka ne ke shirye da aiki, saboda jinkirin gyara da ƙarancin kaya. Idan aka sake ba da umarnin tashi wata ranar Litinin, wasu za su tashi, wasu kuma makanikai za su tura su cikin sababbin rumfunan su ja ƙofa. An tsara rumfunan su jure iska mai gudun mil 165 a awa, daidai gudun da Andrew ta sauka Homestead da shi.